Bashin Alawayyo

Da hanci na san tarihin aikin Baba, tun ban iya karanta allon ƙofar kamfani ba. Sa'ad da muke haya a Gwagwarwa yana aikin matsar gyaɗa a Bompai, ƙanshin tunkuza mai ɗumi ne ke riga shi shigowa gida da la'asar sakaliya, ya kama asabarin ƙofar Inna, ya kama buzun salla, ya kama har bargon da muke rufa da shi, ƙanwata ta yi ta bin hannun rigarsa tana shinshina tana haɗiyar yawu. Da gyaɗa ta juya wa Kano baya bayan farin 1973, sai ya koma masaƙa a Sharaɗa, mu ma muka kwashe komatsanmu muka bi shi Ja'en, warin gidan ya koma na sitaci da baƙin mai, ga burbushin auduga kullum a gira da gemu, har ta kai ranar da furfurar gaske ta fito masa babu wanda ya lura, sai da Inna ta kakkaɓe ta ga ta ƙi fita. Can a ƙarshe, da injuna suka yi shiru, ya samu gadi a wata majema a Challawa, yana fita da magariba da tocila da kulki da tsohon gwado a kafaɗa, ya dawo da hantsi da warin ɗanyar fata da gishiri. Wannan kam a zaure ake tare shi. Sai ya tuɓe kaki an miƙa masa ruwa da sabulun salo, kana a ba shi izinin shiga gidansa.

Ni ne ɗan fari, kuma duk abin da zan faɗa game da Baba a kan wannan yake zaune. Bai taɓa kama sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan", in kuma da baƙo yake magana sai ya nuna ni da haɓa ya ce "yaron nan". In ya shigo ina tsakar gida sai in tuna ina da aike a waje, in kuwa ni na shigo na tarar ƙannena sun kewaye shi, sai ya gyara zama ya jawo akwatin rediyo ya shiga murɗawa. Fuska ɗaya na san shi da ita, ta mutumin da ke duban agogo. Kowace asuba bayan wuridi zai wana agogon hannunsa, ya kara a kunne, ko da yake kunnen ya daɗe da daina jin irin wannan ƙaramin motsi, ya ɗaure ƙafar wando, ya tura Raleigh ɗin da ya saya da kuɗin ƙarin albashin Udoji a 1975, wanda har ya bar duniya bai ce masa keke ba sai basukur. Naira ta zo tun 1973, shi kuwa da sule da fam ya ci gaba da lissafinsa, mai kayan miya ya ce naira goma, Baba ya ce fam biyar, a tsaya ana kallon-kallo. A lokacin ban ga abin dariya a nan ba. Kwarjini nake gani.

Har yau ina mamakin yaron nan da ke kai masa abinci ran da yake dutin rana, da langa ɗaure cikin tsohon ɗankwalin Inna, miyar kuka na ɗiga ta gefe tana ƙona masa yatsu, yana bin bakin lambatun da ke kwashe ruwan rini zuwa Salanta, yau shuɗi, gobe ja, jibi wani launin da ba a raɗa masa suna ba, yana musu da abokansa kan irin atamfar da ake bugawa a ciki. Yaron ya yi imani kamfanin na ubansa ne, hujjarsa kuwa maigadi na ɗaga masa hannu. A bakin ƙofa ga kekuna a jere sun fi gaban ƙirga, ga mai ɗanwake, ga mai kunun tsamiya, ga mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa, ƙasa kuma na rawa a ƙarƙashin silifas saboda rugugin injuna. In jiniya ta yi kuka aka fito cin abinci, tun daga nesa yaron kan jiyo ihu da ƙyaƙyata a gindin wata darbejiya, manya-manyan magidanta har da masu riƙe ciki, amma da ya ƙaraso sai a yi tsit, Baba ya karɓi langa ya ce, "Koma gida." Sai yaron ya juya yana taƙama, wai ubansa ne ke tsawatar wa masu wasa a bakin aiki. Haka ya fassara abin, kuma da wannan fassarar ya girma har ya tara nasa 'ya'yan.

Abu ɗaya da kowa a gidan ya sani shi ne maganar likkafani. Tun masaƙar na da sauran numfashi ya sayi bandir guda na alawayyo a farashin ma'aikata, saƙar sashensu, ya kulle a adaka, ya ce shi ba za a naɗe shi da yadin Sin da ya cika Kantin Kwari ba, yadin da in ka ɗaga shi a rana kana hango mai wucewa. Yakan faɗa babu alamar wasa a fuskarsa. Ran da rediyo ya ce an rufe masaƙar UNTL ta Kaduna a 2007, tasu kuwa ta riga ta daɗe da kwanciya, ya yi shiru, can ya ce, "To, giwa ma ta faɗi," ya kashe rediyon. Tarin da auduga ta bar masa a ƙirji ne ya taso da wani hunturu, ga ƙura ga sanyin gadin dare a bakin kogi, muka kai shi asibiti, bai daɗe ba. Da sassafe ya cika, gab da ƙarfe shida, lokacin da jiniya kan kira masu dutin safe.

Aka buɗe adaka. Warin kafur ya buge mu, ga katin aiki mai hotonsa yana saurayi da tsagar gashi a gefe, ga takardun albashi ɗaure da zare, ga wani kaki sabo da bai taɓa sawa ba. Ga kuma alawayyo a ninke tsaf, abin da ya rage bai kai kamu uku ba. Kawu ya warware shi, ya juya, ya sake juyawa, ya leƙa ƙasan adaka. Babu mai magana. Ga masu wanka na jira, ga kwalbar Bint El Sudan an riga an buɗe, dole aka tashi yaro a acaɓa ya tafi Kwari ya jira a buɗe shago, ya sayo ainihin yadin da Baba ya yi shekaru yana kushewa. Jana'izar da aka sa da hantsi ta koma bayan azahar.

Amininsa wani Bazazzagi ne, ɗan siriri mai jar dara da goro a kunci, tare suka shiga masaƙa, injinsu na kallon juna. Ana daidaita sahu a ƙofar gida, makara na gaba, sai tsohon nan ya duba agogo ya ce da muryar da shi a zatonsa raɗa ce, "Mutumin da bai taɓa latti ba, yau kun sa tankifa zai yanke masa rabin yini." Wani a sahun baya ya yi tarin da ba tari ba. A maƙabarta kuma, an jera itace da fasassun tukwane ana miƙa kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya durƙusa da ƙyar ya ɗora nasa curin ya ce, "Bakano ke nan, bawana. Ko nan ma sai da ka riga ni kama fili, don in na zo ka sayar mini da tsada." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tsaya ƙiƙam, ni babban ɗa, ina saƙa a zuci wane irin tsoho ne wannan da bai san inda ake wasa ba. Da muka juyo na hange shi a bayan katanga shi kaɗai da buta, yana wanke fuska, ya wanke ya sake wankewa. Ruwan ya ƙare bai tashi ba.

A ƙofar gida aka yi zaman makoki, tabarmi har bakin lambatu, kuma nan tsofaffin masaƙa suka yi ta sauka, daga Dakata, daga Kawaji, daga Sheka, daga Panshekara, wasu a keke wasu a A Daidaita Sahu, wannan ya koma sayar da rake, wancan gadi, wancan kuwa zaman jiran 'ya'ya. Duk wanda ya yi shekaru a tsakanin injunan saƙa kunnensa ya tafi, don haka ta'aziyyar tasu da ƙaraji ake yin ta, ana jiyowa har layi na gaba. Wani dattijo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daka, "Ya haƙuri?" Na ce, "Da godiya, Baba." Ya ce, "A'a, a ƙasa na zo, tayar ce ta yi faci." Ya shafa fatiha ya ba na bayansa wuri. In liman ya ja doguwar nasiha, sai ka ga hannuwa na motsi daga wannan tabarma zuwa waccan, a taɓa gemu, a ja kunne, a murza yatsu biyu, maganar bebaye da suka ƙago wa kansu a cikin rugugi, kafaɗu na girgiza babu sauti. Da na tambayi wani me ake cewa, ya ce, "Ɗana, ai labarin babanka ne."

Ashe mai ba da dariyar gindin darbejiyar nan shi ne. Shi ne ke kwaikwayon Hausar manajansu Ba'indiye, har ran da mutumin ya tsaya a bayansa ya saurara tas, ya ce to saura ta injiniya. Shi ne ranar 1 ga Mayu 1980, da Gwamna Abubakar Rimi ya ba ma'aikata hutu, ya shirya tsaf ya hau basukur ya tafi aiki, ya zauna a bakin ƙofa a kulle har lokacin tashi, wai shi bai yarda akwai gwamnatin da za ta ce wa talaka ya kwanta a biya shi ba, tarko ne. Shi ne a 1986, da gwamnatin Babangida ta ce a tsuke bakin aljihu, ya kai wa tela kakinsa aka ɗinke aljihunan ruf, ya zo yana nuna wa heluma, ya ce a rubuta shi ya fi kowa biyayya. Har 'yan majema sun zo da nasu, wai yakan ce aikin gadinsa ya fi na kowa sauƙi a Challawa, ɓarawon da ya iya jure warin nan ya cancanci abin da ya ɗauka. Wani ya fara wani ya ƙwace, a yi gardama ko a Bompai aka yi ko a Sharaɗa, Bazazzagin na daga gefe yana ƙaryata kowa. Ni kuwa ina tsakiya ina karɓar gaisuwar wani mutum da ban taɓa haɗuwa da shi ba. Na shiga cikin gida na tambayi ƙanwata ko ta san haka Baba yake. Ta ɗago jajayen idanu ta dube ni. Ta ce, "Yaya, ai kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Daren sadakar uku, an watse, gidan na ƙanshin waina da hayaƙin itace, Inna ta sa aka jawo adakar zuwa ɗakinta. Tana zaune a tabarma cikin mayafin takaba, ba kwalli ba turare, ta sa ni fito da kayan ɗaya bayan ɗaya a gaban fitilar ƙwai, don an ɗauke wuta. A cikin wani gwangwanin madara muka tarar da 'yan Murtala a nannaɗe, sababbi ƙar, irin na kafin canjin kuɗin 1984, ya yi musu ɓoyon da shi kansa bai sake ganinsu ba. Inna ta jujjuya su a hannu. Ta dubi adakar ta ce, "Ashe kana da su, Malam. Shekarar nan da tsohon zane na yi salla." Sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suka shiga rawa, na kasa gane kuka ne ko dariya, ina jin ita ma ba ta tsaya bambancewa ba.

A can ƙasan adakar akwai wani littafi, irin na 'yan makaranta mai jadawalin lissafi a bango, rubutun ajami da biro. Lissafin alawayyo ne. Tun da aka sallame su hannu rabbana, abokan aikinsa suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, da yawa a gidajen da sai an yi karo-karo kafin a sayi likkafani, shi kuwa sai ya buɗe adaka cikin dare ya yanka ya aika, ya dawo ya rubuta. Wane na sashen rini, yadi kaza, zai biya in mun haɗu. Wane direba, yadi kaza da rabi, dogo ne, ya cuce ni. Wane heluma, ya sha yanke mini albashi, yau ga shi na yanka masa. Mai ɗanwaken bakin ƙofa, wannan kyauta ce, ta sha ba mu bashi. Shafi bayan shafi haka, har inda ya rubuta cewa saura kaɗan, in Bazazzagi ya riga ni sai dai a naɗe shi a tabarma. Inna ta san yana buɗe adakar, ta ɗauka lissafin kuɗin sallama yake yi. Kansa kuwa bai sa a lissafin ba, ko dai ya sa ya ga ba ya fita.

Littafin ya girmi maganar alawayyo, ta baya ya fara cin sa tun muna yara, inda yake rubuta ƙananan basussuka, na mai shayi, na mai faci, na adashin sashe. Can na ga kaina. "Yaron nan, kuɗin jarrabawa, fam goma sha biyar. Ba bashi ba ne." A ƙasa da shi, da wani biro daban, babu kwanan wata: "Yaron nan ya fara tara gemu. Bai karɓe shi ba." Dariyar da ta kama ni ban san daga inda ta taso ba, ta durƙusar da ni, na kifa goshi a murfin adaka ina yi hawaye na zuba, ƙirjina na ciwo, har yara suka farka suka leƙo. Inna, wadda ita ma ba ta taɓa kama sunana ba, ta tambayi ƙanwata, ba ni ba, me aka rubuta. Aka karanta mata. Ta ce, "Ai kuwa gaskiya ya faɗa."

Ranar bakwai jikoki suka yi nasu. Ɗiyar ƙanwata ta zura kakin kakanta yana jan ƙasa, ta manna auduga a gira, ta ɗaure ƙafar wando, ta turo basukur tsakar gida tana kara agogo a kunne tana tambaya, "Fam nawa?", sauran na bin ta da kwano suna tatsar gwaggwanni, wai mijinsu ya tafi bai bar na cefane ba. Ƙanena, wanda tun farko bai so a yi bakwai ɗin ba, ya ce duk bidi'a ce, ya sa takalmi ya fita. Ba na ja da shi a karatu, ya fi ni. Ni dai abin da na gani, kukan da muka yi a kwanakin nan irin wanda ake yi wa kowane mamaci ne, wanda na yi wa Baba da wanda maƙwabci ya yi wa nasa uban duk ɗaya ne. Dariyar kuwa ba ta shiga kowa sai shi, riga ce da aka yanka daidai jikinsa. Kuma ban ga wanda ya tashi daga tabarmar nan ya manta da Allah ya jiƙansa ba, masu ƙyaƙyatar ma su suka fi daɗewa da hannu a sama.

Inna na cikin takaba, wata huɗu da kwana goman ba su cika ba, sai ga takarda daga masu kula da abin da ya rage na masaƙar. Wai za a tantance tsofaffin ma'aikata saboda kuɗin sallama, kowa ya zo da kansa da katinsa, ba a karɓar wakili. Takardar da ya yi shekaru yana jira ke nan, yana hawa basukur bayan ya kwana gadi ya tafi taron 'yan kwamiti a gindin darbejiyar nan, a rubuta suna, a tara kuɗin lauya, a watse. Na karanta wa Inna daga bakin ƙofa. Ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce, "A gaya musu ya canza wurin aiki. Inda ya koma ba a riƙe wa ma'aikaci haƙƙinsa." Bazazzagin ne ya karɓi katin ya tafi da shi, ya bi layi nasa ya koma ya bi na bawansa, da akawu ya ɗaga kai ya ce ina mai katin, ya ce yana dutin dare. Ba a biya ko ɗayansu ba. Masaƙar ma yanzu sito ce, tireloli ke shiga da kayan waje suna fita.

Shi ma bai daɗe sosai ba ya bi sahu. Da aka aiko mana, na ɗauki ragowar alawayyon nan da bai kai kamu uku ba na kai, na roƙi 'ya'yansa su haɗa a cikin likkafaninsa, don kada a ce Bakano ya cika maganarsa ta tabarma. Suka haɗa. A bakin kabari, ina ɗora nawa curin, na ji bakina ya ce, "Baba, in ya tsuga maka kuɗi kada ka saya, filin ba nasa ba ne." Babban ɗansa ya harare ni, irin hararar da na sani sarai. Ban ba shi haƙuri ba, lokaci zai yi masa bayani.

Littafin yana wurina. In babanka ya yi aikin masaƙa a Sharaɗa, ya rasu a shekarun da aka rufe ta, aka kuma kawo muku farin yadi cikin dare ba a faɗi daga inda ya fito ba, to kada ka neme mu da biya, magada sun yafe. In ka tashi yi wa naka addu'a, ka haɗa da mai yadin.